Ratar da Babanka Bai Bari Ba

Mpape, layin bayan garejin tifa.

Zuwa ga maigidana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga matarka ta fari, wadda ka tattara komatsanka ka koma Maitama ka bari da tukwane, ko gishiri ba ka ajiye mata ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da ƙafa biyu da hannu biyu, yadda na miƙa ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin masu ƙarfe.

Na cusa ta ƙarƙashin robar yaji ne don na san ko me za ka manta a jakar nan, yaji dai ba za ka manta ba, acici. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi. Aji huɗu na yi aka cire ni, ga shi da hagu nake yi, in ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi da kanka. Da baki na so mu yi maganar, amma duk sanda na fara sai ka ce, "Tsohuwa, an soma," ka ci gaba da goge takalminka. A waya kuwa kai ne mutumin da sabis ke ɗauke wa daidai inda zance ya fara nauyi. To takarda ba ruwanta da sabis.

Ranar da ka dawo daga gwaji ka zauna a bakin ƙofa kana ba ni labari: kai za ka tuƙa motar da ke bin motar oga a ayari. Ka ce dokar gidan ita ce kada ka bar ratar da ko akuya za ta ratsa, kuma duk direban da ya bari wata mota ta shiga tsakani, ranar zai ajiye makulli. Kana faɗa kana dariya, har da haɗa min tafin hannu biyu kana nuna yadda za ka manne. Ka ga idona ya kawo ruwa, na ce maka hayaƙi ne. Murhun a kashe yake, Hamisu, ko dubawa ba ka yi ba.

Aikin da ya kashe babanka ke nan, da dokar nan, ba a canza ko kalma ba. Kai abin da ka sani shi ne ya yi haɗari a hanyar filin jirgi, ƙaddara. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma ƙaddarar nan tana da tsawo, kuma tsawon nata bai wuce tabarmar da nake zaune a kai ba. Litinin za a ba ka makulli. Kafin nan ka karanta wannan har ƙarshe, ko da a ban-ɗaki ne.

Bari in faro daga wautata, don ita kaɗai ke sa ka zauna wuri ɗaya. Ranar da za mu baro Zariya, bayan rasuwar kakanka, babanka ya sa ni a bas a tasha, kusa da taga. Ban taɓa tafiya mai nisa ba. Ina zaune sai na ga mun kama hanya, sumul, ko ƙarar inji babu. Na ce ikon Allah, motocin Abuja ko tari ba sa yi. Na karanta addu'ar tafiya da ƙarfi, na yafe wa mutanen Zariya duk abin da suka yi min, har da mai awon da ke danne mudu, na fashe da kuka ina ɗaga wa gari hannu. Sai wata mata a bayana ta taɓa kafaɗata ta ce direban ma bai shigo ba. Ashe bas ɗin da ke gefenmu ce take ja da baya. Da ta gama wucewa sai ga mai rake nan inda yake, ya saki baki yana kallona. Muka ƙara zama har azahar, ni kuwa na riga na yafe, ba damar karɓewa.

Yi dariyarka, na ba ka. Amma ka riƙe abin da ke ciki. Ido ba ya gaya wa mutum gudunsa. Abin da yake gaya maka shi ne bambancin da ke tsakaninka da abin da ka zuba wa ido. In abin nan tafiya yake yi, zai iya ce maka kana tafiya alhali kana tsaye, kuma zai iya ce maka kana tsaye alhali kana gudun da zai raba ka da ranka. Na farkon kunya kawai yake jawowa. In kana son gaskiya, ka nemi abin da ba ya motsi: turken lantarki, bishiya, ƙafar gada, ko mai rake.

Yanzu hannuna na dama. Tun kana yawo ba wando kake tambayata me ya lanƙwasa shi. Na ce maka kada ne a kogin Galma. Wata rana na ce kura ce. Wata rana na ce soja na mara, kansa ya fi hannuna ƙarfi. Ka kai labarin kadan makaranta, har malaminku ya aiko a yi min sannu. To babu kada, babu kura. Kular tuwo ce.

Da muka sauka Mpape, babanka tifa yake ja, yana ɗaukar tsakuwa daga wurin fasa dutse zuwa inda ake gine-gine a cikin gari, ni kuma na kafa tukunya a gareji. 'Yan tifa ba sa son tsayawa. Wanda ya tsaya cin abinci, wani ya shige gabansa a layin lodi. Sai suka ƙirƙiro wata al'ada: in ɗaya ya ɗauko wa ɗan'uwansa abinci, sai su jera a kan babban titi, su daidaita gudu, a miƙa ta taga. Aminin babanka shi ne Bulus, mutumin Filato, wanda ka sani yanzu da shagon faci a bakin hanya. Lokacin yana da tifa, yana da gashi.

In babanka yana da lodi wajen unguwar Gudu, nakan bi shi in yi cefanen kayan miya a kasuwar can. Ka san ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kallon tsakiyar idonsa, ba ma doguwar hira. Haka aka rene ni, haka na ga uwata ta yi da yayana. Sai in shiga gaba in zauna a can ƙarshen kujera, fuskata a taga, kamar fasinjar da ya tsinta a hanya. Duk surutun da na hana ɗana, Bulus nake juye wa. Shi kuwa da ya hango mu sai ya jero ta gefena, tagarsa daidai tawa, yana cewa yunwa yana kashe shi, in kawo.

Hamisu, ban san yadda zan kwatanta maka daɗin abin nan ba. Manyan motoci biyu, kowace cike da dutse, suna gudun da iska ke fizge ɗankwali, amma tsakanina da Bulus ba abin da ke motsi. Ina ganin tsinken sakace a bakinsa. Ina ganin gumin goshinsa. Kwalta ce ke gudu a ƙasa kamar ruwan kwata, mu kam zaune muke kamar maƙwabta biyu a kan katanga. In miƙa masa kula, ya buɗe ya ce naman ya yi kaɗan, in ce ya dawo min da ita in ba ya so. Har yaji na taɓa barbaɗa masa a haka. Na dawo gareji ina cika baki, ina ce wa mata ai ba komai ba ne, kamar a tsaye ake.

Amma in a hawan Mpape muka yi kiciɓis, shi yana hawa mu muna gangarowa, ko sallama ba ta samuwa. Fuskarsa takan wuce kamar mari, alhali kowa a hankali yake tafiya, don gudunsa da namu sun haɗu sun zama guda ɗaya babba. Ka ajiye wannan a ranka saboda ranar da za a kunna jiniya a ce ka bi hannun da ba naka ba. Motar da ka hango can nesa tana tahowa, rabin nisan naka ne kawai, sauran rabin ita ke cinyewa.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, hanya fayau. Bulus ya jero kamar kullum. Abin da ban duba ba shi ne bayan motarsa. Fanko ce, za shi ɗebo yashi. Tamu kuwa an cika ta har tana nishi. Na zura wuyan hannuna cikin mariƙin kular don kada iska ta ƙwace, na miƙa, ya kama ɗaya gefen. Sai wata ƙaramar mota ta matsa masa da ham daga baya. Ya ɗan taɓa totur, taɓawar da ya saba, wadda in da lodi ko gezau motar ba za ta yi ba. Fanko kuwa sai ta zabura. Ɗazu-ɗazu muna zaune a kan katanga ɗaya, yanzu katangarsa ta tafi da hannuna. Ƙarfen madubi ya tare shi. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Bulus ya yi ta kuka a wurin mai ɗori kamar shi aka karya, yana cewa, "Mama, motan ne ya yi tsalle, wallahi kaɗan na taɓa." Gaskiya ya faɗa. Da za a duba malejinsu mai nuna gudu kafin ham ɗin nan, abu ɗaya za su nuna. Abin da maleji ba ya nunawa shi ne wace ce za ta iya zabura, wace ce za ta iya tsayawa cak, wace ce sai an lallashe ta. Don haka in ka ga kun jera da wata mota lafiya lau, kada ka ce kun zama ɗaya. Ka tambayi kanka me take ɗauke da shi, kai me kake ɗauke da shi, in aka taka wa zai riga wani canzawa.

Kada da kura kuwa, saboda babanka na ƙirƙiro su. Ba ya iya kallon hannun. In na ɗaga tukunya da hagu sai ya tashi ya fita. Ban so ka girma kana jin cewa a motar ubanka aka karya ni ba. Bayan ya tafi kuma sai na ga kadan ya fi daɗin faɗa, na bar shi.

Daga ranar da na karye babanka ya ce ya bar tifa. Ya yi ta nema har ya samu aiki a wani gida a Maitama, mai katanga kamar ta gidan yari da furanni a waje. Aka ba shi yunifom da takalmi mai sheƙi irin wanda kake gogewa. Ni kuwa don murna har waina na soya na raba a gareji. A lissafina, babbar mota ita ce mai kisa, ƙarama kuwa abin wasa ce, ga sanyi a ciki, ga shi bayan babban mutum zai riƙa bi, wa zai taɓa shi? Na ce Allah ya raba mu da dutse.

Wata Juma'a ya zo gaishe ni, ya tsuguna daga bakin ƙofa yadda ya saba, ni ina ciki ina tsince shinkafa. Ba ni yake ba labari ba, Bulus yake ba, amma da ƙarfi yake yi don in ji. Ya faɗi dokar, ta akuyar nan taka. Ya faɗi ta biyu, wadda kai ba su gaya maka ba tukuna, ko kuma ka ɓoye min: ko me zai faru, ba a taɓa motar oga. Bulus ya tambaye shi ko ba ya jin tsoro, irin gudun da suke yi. Ya yi dariya ya ce ai ba a jin gudun. Bayan motar oga yana nan a gabanka kamar bangon ɗaki, ba ya matsowa ba ya nisa, masu tsaron da ke baya har lemo suke ɓarewa. Sai ya ɗan juyo wajen ƙofa ya ce, "Inna, kamar a tsaye muke."

Maganata ce, Hamisu. Daga bakina ta fita a gareji, ga ta ta dawo ta bakin ɗana. Hannuna ya yi min tsami har kafaɗa. Na san abin da ya kamata in ce, kalma-kalma, yadda nake rubuta maka yanzu. Amma uwa ba ta zaunar da ɗan fari ta ce masa ina jin tsoro a kanka. Za a ce ba ta da kunya, tana nuna son ɗa a fili. Na ci gaba da tsintar shinkafa, na ce da bango Allah ya tsare. Ya ce amin, ya tashi. Mutane suna yaba min da kawaici har yau. In suka faɗa, ji nake kamar in watsa musu ruwan zafi.

Kai kuwa Allah ya taimake ni, jika ne. Ba kunya tsakanina da kai. Zan iya kiran sunanka daga nan har Gudu, in zage ka, in ja kunnenka, in ce maka ina jin tsoro. Ina jin tsoro, Hamisu. Ga shi na rubuta, ba inda za ta gudu.

Abin da ya faru a hanyar filin jirgi, ba daga gidan ogan na ji shi ba. Ɗaya daga cikin masu tsaron da ke bayan motar ɗan cocin su Bulus ne, shi ya ba da labari bayan ya fito daga asibiti. Da hantsi ne, ba ruwan sama, ba rami, taya bai fashe ba. Suna cikin gudu oga ya hango wani fili a gefen hanya da allon sayarwa. Ya ce wa direbansa tsaya. Shi ke nan. Fili ya gani yana so.

Na ce wa Bulus ban gane ba, tunda gudu ɗaya suke yi, kuma babanka ba mai gyangyaɗi ba ne. Sai ya cire silifas ɗinsa biyu ya jera a ƙasa, ɗaya a bayan ɗaya, ya riƙa tura su. Muddin gudunsu ɗaya, ratar tana nan kamar an ɗaure su da igiya. Amma direban gaba da kunnensa ya ji tsaya, ya taka. Na baya bai ji komai ba, jar fitila kawai zai gani. Kafin ido ya gaya wa ƙafa, kafin ƙafa ta bar totur ta koma birki, na gaba ya riga ya rage, na baya yana nan da gudunsa cif. Bambancin da babu shi ɗazu ya samu, kuma kowace ƙiftawar ido ƙaruwa yake yi. Sannan ko da tare suka taka, motar oga sabuwar jif ce mai kama ƙasa, ta babanka tsohuwar a-kori-kura ce cike da ƙarti da kaya. Fanko da mai lodi ne aka sake yi, sai dai wannan karon wajen tsayawa. Mai tsaron nan ya ce su a idonsu ba su ne suka tafi ba, motar oga ce ta sa ribas ta taho musu, da fari a hankali, sannan gaba ɗaya.

Bulus ya ɗora silifas ɗaya a kan ɗaya ya ce, "Mama, ko wane ne a sitiyari, wurin bai isa ba."

Wurin bai isa ba, amma da babanka ya tsaya kan birkinsa ya daki bayan jif ɗin, da wataƙila ƙarfe ne zai lotse, a kai shi asibiti, a kore shi daga aiki. Sai ya tuna doka ta biyu. Ya murɗe sitiyari ya kauce, ya faɗa wa kan kwalbati ta gefensa. Masu tsaron suka zube a ciyawa, wasu da karaya. Shi sitiyarin ya shige masa ƙirji.

Ranar uku wani mai babbar riga ya zo daga gidan, da buhunan shinkafa a bayan mota. Ya ce oga ya so zuwa da kansa, tafiya ce ta kama shi. Ya ce ba su taɓa samun direba irin marigayi ba, bai taɓa barin rata ba ko sau ɗaya, kuma a ranar ma shi ya kauce, motar oga ko ƙwarzane babu. Ya faɗi ko ƙwarzane ɗin nan da murya irin ta mai kawo albishir. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa uwar ɗan fari, ko a nan ba a so a ga hawayena. Na ce mun gode, Allah ya saka da alheri. Uwarka ta gama takaba danginta suka tafi da ita, aka bar min kai. Shinkafar na dafa, don ba wata a ɗakin. Ka ci, ka nemi ƙari, kana tambayata yaushe Baba zai dawo.

Filin kuwa, ogan ya saye shi. Akwai gidan biki a wurin yanzu, mai fitilu kala-kala. Bara da aka gayyace ni auren 'yar maƙwabciyarmu a can, na ce ƙafa ke min ciwo.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa kana goge takalmi. Motarka sabuwa ce, birkinta har da kwamfuta. Madalla. Kwamfutar tana jin abin da oga ya ce a cikin motarsa? Ka ce ƙafarka da sauri, kai yaro ne. Babanka ma ba da sanda yake tafiya ba, kuma ya fi ka iya mota, kada ka ji haushi, kai har yanzu in za ka yi ribas sai ka fito da harshe. Ka ce wannan gidan daban ne, ogan yana da kirki, ya tambayi sunanka. Wancan ma an ce yana da kirki. Mai kirki ma yana hango fili. Yana manta waya a gida, yana ganin abokinsa a gefen hanya, yana jin fitsari. Ba mugunta ake buƙata ba, mutum ɗaya ne kawai da ba a taɓa ce masa a'a ba, da wani a bayansa da aka hana wurin tsayawa.

Kuma za ka ji daɗin aikin, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ƙofar da aka buɗe wa oga za a buɗe maka, 'yan sandan da suka sara masa kai ma hannunsu yana sama za ka wuce. Za ka riƙa cewa mun je, mun dawo, mun gana. Ka ci abincinsu, ka sha sanyinsu, ban hana ka ba. Amma ka tuna motarka an saye ta ne don in wani abu ya taho, ya same ka kafin ya same shi.

Ga abin da nake so, ba shi da yawa. Na so in ce kada ka je, amma na ga yadda ka zauna shekara da shekaru da lasin a aljihu kana taya Bulus ɗaga taya, ba zan iya ba. Ka je. Amma ka bar rata. Bulus ya koya min yadda ake aunawa, shi da addu'arsu ta coci yake yi, kai ka yi da taka. Ka zaɓi turke a gefen hanya. Da motar oga ta gifta shi, ka fara La haula wa la ƙuwwata illa billah, a natse, ba irin karatunka na mai jin yunwa ba. In ka iso turken ba ka kai ƙarshe ba, ka yi kusa, ɗaga ƙafa. In ana ruwa, ko an cika maka baya da mutane, ka maimaita kafin ka iso. Ga lada ga rata, ban san me kuma kake nema ba.

Za su yi maka ihu a oba-oba, rediyon hannun nan nasu. Shugaban masu tsaro zai ce matso, matso, zai haɗa da uwarka da ni. Ka ce to oga, ka matso kaɗan yadda zai gani, in ya juya ka koma inda kake. Ka iya wannan, haka kake min tun kana yaro in na aike ka. Wata rana ɗan tasi zai ga wurin ya shige, a kira ka ofis a karɓi makulli. In ranar ta zo, ka ɗauko jakarka ka hau mota ka taho. Na yi maka alkawari, kuma ka san abin da alkawarin nan zai ci min: ba zan tsokane ka ba. Ko kalma ɗaya. Ba zan ce ina yunifom ba, ba zan gaya wa matan gareji ba, in suka tambaya in ce hutu aka ba ka. Zan zuba maka tuwo in koma gefe in yi shiru, ko da shirun zai kumbura ni.

In kuma duk da haka wata rana ka ga jar fitila, ka ga bayan motar nan ya taso maka, wurin bai isa ba, to ka saurare ni da kyau, don wannan ce maganar da ba wanda zai gaya maka a gidan can. Ka taka birki iya ƙarfinka, ka riƙe sitiyarinka a miƙe, kada ka kauce wa kowa. Ka daki motar oga. Ka lotsa ta, ka fasa fitilun, ka bar su su yi ta zagi. Akwai masu gyaranta a Apo, akwai irinta a jibge a kanti. Ni ban san inda ake sayar da irinka ba, da na sayo mai jin magana tun tuni.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo min da kai da ƙafarka. Ya sa ka gama da su lafiya, su gama da kai lafiya. Ya ba ka idon da ke ganin turke, da kunnen da ke jure zagi. Allah ya jiƙan babanka, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da muka yi shiru a kai. Bulus yana gaishe ka, ya ce ka duba iskar tayarka da kanka kowace safiya, kada ka yarda da na kowa.

Wassalam.

Matarka da ka bari,
kakarka Talatu mai tuwo.